Kwatar Albert ta Libaful: Sharhi a kan Tarihin da Gine-gine ke Bayarwa

Abu ne sananne ga manazarta adabin baka cewa tarihin gari yakan zo da zubi irin na tatsuniya: akwai tauraro, akwai masifar da ta auka masa, sa'an nan akwai kuɓuta a ƙarshe. Duk wanda ya saurari maroƙan fada suna jero sarakuna ya san ba kowane sarki ake tsayawa a kansa ba, kuma sau da yawa wanda aka tsallake ya fi wanda aka ambata nuna manufar mai faɗi. Wannan maƙala za ta ɗauki ma'aunin nan ta ɗora a kan abin da ba a saba ɗora shi ba, watau unguwar bakin ruwa ta birnin Libaful a arewa maso yammacin Ingila, musamman wurin da ake kira Kwatar Albert. Hujjar yin haka ita ce, tun daga 1981 hukumomi suka mai da wannan unguwa wani irin littafi da aka rubuta da tubali da ƙarfe, ana kawo baƙi su karanta. Tun da kuwa littafi ce, daidai ne a tambayi jigonta da zubinta da tauraronta.

Kafin a shiga ciki, ya kamata a daidaita kalma. An yi amfani da kwata a nan bisa ma'anarta a bakin masunta da masu fito, watau inda jirgi ke tsayawa a yi lodi ko a sauke. Sai dai kwatar Libaful ta bambanta da ta bakin Kwara. Kogin Marsi, wanda birnin ke gefensa, yana bin cika da janyewar teku sau biyu a yini, har bambancin tsayin ruwan yakan kai ƙafa talatin. Jirgin da ya tsaya da safe yana yawo a ruwa, kafin azahar sai a tarar da shi kwance cikin taɓo. Maganin da aka samo shi ne a haƙa babban tafki, a gine bangonsa, a yi masa ƙofa: in ruwa ya cika a buɗe jirage su shiga, in zai janye a rufe. Tafki irin wannan shi ake nufi da kwata a duk tsawon wannan sharhi.

Ga yadda labarin yake tafiya a bakin masu ba da shi. A 1207 Sarki John ya ba Libaful takardar zama gari, ta kuwa yi shekara ɗari biyar tana ƙaramar alƙarya mai tituna bakwai. A 1715 injiniya Thomas Steers ya gama Tsohuwar Kwata, wadda ke ɗaukar jirage wajen ɗari, ita ce kuma ta farko a duniya da aka gina da ƙofa musamman domin fatauci. Daga nan kwatoci suka yi ta ƙaruwa har suka mamaye mil bakwai da ɗoriya na gaɓar kogin. Ƙololuwar labarin ita ce 1846, sa'ad da Yarima Albert, mijin Sarauniya Biktoriya, ya buɗe kwatar da aka sa wa sunansa. Jesse Hartley, injiniyan kwatocin birnin daga 1824 zuwa 1860, ya kewaye tafkin da sito-sito masu hawa biyar, na tubali da dutse da zubin ƙarfe, ba katako a jikin ginin, domin tsoron gobara. Jirgi yakan matso har gindin ginshiƙai a ɗauke kaya daga cikinsa kai tsaye zuwa sito, inda za su zauna ƙarƙashin kulawar kwastan har mai su ya sami kasuwa ya biya haraji. Shayi, siliki, taba, sukari, auduga, hauren giwa, duk sun kwana a nan. Sai masifa ta zo. An gina kwatar ne domin jirage masu filafilai, ƙofarta ta yi wa manyan jiragen tururi kaɗan, kafin 1920 jiragen fatauci sun kusan daina shigarta. Bama-baman Jamus suka sami wani sashe nata a 1941. A 1972 aka rufe ta, aka bar ƙofofi a buɗe, laka ta cika tafkin. Ƙarshen labarin shi ne kuɓuta: hukumar raya yankin da gwamnati ta kafa a 1981 ta yashe tafkin, ta gyara sito-siton, aka zuba gidajen tarihi da kantuna da gidajen kwana, Yarima Charles ya sake buɗe ta a 1988.

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan labari, kuma adalci ne a yaba aikin gyaran. An sha kawo shawarar rushe sito-siton nan a shekarun 1960, da an bi ta da an yi asarar gini mai kwarjini wanda babu irinsa. Magina sun girmama aikin Hartley, ba su yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Matsalar tana ga zaɓen tauraro. A cikin labarin da aka zayyana a sama, gini ne aka haifa, gini ne ya yi rashin lafiya, gini ne ya warke. Mutane kuwa iri uku kawai suka sami suna: sarakai, injiniyoyi, da hukumomi. Da zarar an yarda da wannan zubi, to, 1988 ta zama ƙarshe mai daɗi, alhali birnin da ke da mutum kimanin 856,000 a 1931 bai kai 440,000 ba a 2001.

Wuri ɗaya da labarin ya karkata daga gini ya koma kan mutane shi ne cinikin bayi, kuma ba da sauƙi aka kai ga hakan ba. Jirgin bayi na farko da aka san ya tashi daga Libaful ya tashi a 1699, ya sayar da mutum 220 a tsibirin Barbados. Daga nan zuwa 1807 jiragen birnin sun yi tafiya kusan dubu biyar, sun ɗebi 'yan Afirka wajen miliyan ɗaya da rabi, da yawansu daga Boni da Kalaba. A shekarun 1790 kashi tamanin cikin ɗari na cinikin bayin Ingila yana hannun Libaful. Jirgin nan Zong, wanda aka jefa mutum fiye da 130 daga cikinsa zuwa teku a 1781, daga baya masu shi suka nemi kamfanin inshora ya biya su, mallakar attajiran Libaful ne. Duk da haka, sa'ad da aka buɗe gidan tarihin jiragen ruwa a Kwatar Albert a shekarun 1980, wannan babi bai sami wurin da ya dace da girmansa ba, har baƙaƙen fatar birnin suka yi ta ƙorafi. Sai a 1994 aka keɓe masa ɗaki, shi ma a ƙarƙashin ƙasa. Majalisar birnin ta nemi gafara a Disamba 1999. A ranar 23 ga Agusta 2007 aka buɗe cikakken gidan tarihin bauta a hawa na uku na ginin. Tafiyar nan daga ƙarƙashin ƙasa zuwa bene, cikin shekara goma sha uku, ita kanta tarihi ce, kuma Libaful ta riga yawancin biranen Turai yin ta.

Amma a nan ne mai nazari zai lura da wani abu game da zubi. An hana cinikin bayi a jiragen Ingila a 1807, an buɗe Kwatar Albert a 1846. Ke nan babu jirgin bayi ko ɗaya da ya taɓa shiga wannan kwata. Kwatar da ta ga jiragen bayi, watau ta Steers, an rufe ta tun 1826 aka cike ta da ƙasa. A yau tana ƙarƙashin babbar kasuwar zamani da aka buɗe a 2008, ana leƙen bangonta ta wani gilashi da aka sa a daɓe. Sito-siton Goree, waɗanda aka gina a 1793 aka sa musu sunan tsibirin nan na bakin Dakar, an rushe su bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da wannan ya haifar shi ne, kafin a rufe gidan tarihin a 2025, baƙo yakan shiga ginin 1846 ya ji labarin abin da ya ƙare a 1807, ya fito da zaton cewa laifi na wancan zamani ne, ginin da yake tsaye a ciki kuwa ɗan zamanin tsarki ne. To, audugar da ta cika kwatocin Libaful har zuwa yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, bayi ne suka noma ta. Dangantakar birnin da Afirka ta Yamma kuma ba ta yanke a 1807 ba. Jiragen da kyaftin-kyaftin ɗin da suka san hanyar Boni su ne suka ci gaba da bin ta, sai dai yanzu manja suke ɗaukowa, ana yin sabulu da kyandir da man shafa wa injuna.

Wannan zango, daga 1807 zuwa 1972, shi ne ya fi tsawo, shi ne kuma ya fi shafar ƙasar Hausa, amma shi ne labarin ke wucewa da sauri. A watan Yuli 1832 jirage biyu masu tururi suka tashi daga Libaful zuwa kogin Kwara, bisa jagorancin Richard Lander da Macgregor Laird, ɗan gidan maƙeran jirage na Birkenhead da ke ƙetaren Marsi. Sunan ɗaya Quorra, watau Kwara. Sunan ɗayan Alburkah, watau albarka. Lander ya riga ya zauna Kano da Sakkwato tare da Clapperton a 1826 da 1827, saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami kalmar kasuwar Hausa a goshin jirgi. Alburkah ƙaramin jirgi ne mai nauyin tan 55, amma ana lissafta shi a matsayin jirgin ƙarfe na farko da ya ratsa teku, ya kuwa hau kogin har Raba ta ƙasar Nufe a 1833. Ta fuskar riba tafiyar ba ta yi albarka ba: cikin Turawa 48 tara ne suka tsira, Lander kansa ya rasu a 1834. Laird bai haƙura ba. Ya kafa kamfanin jiragen tururi na zuwa Afirka a 1852, ya kuma ɗauki nauyin jirgin Pleiad wanda Dakta Baikie ya hau Binuwai da shi a 1854, inda aka yi ta shan kwinin, ba wanda ya mutu. Daga wannan ranar ƙofar kogin ta buɗu.

Abin da ya biyo baya ya taru a hannun mutum ɗaya fiye da kowa, watau Alfred Jones, wanda ya mallaki ragamar kamfanin Elder Dempster tun daga 1884. Shi ne ya kafa bankin Ingila na Afirka ta Yamma a 1894, da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a 1898, shi ne kuma shugaban farko na ƙungiyar bunƙasa noman auduga da aka kafa a 1902. Jirgi, kuɗi, magani, amfanin gona: wanda ya dubi jerin nan ya ga kayan aikin mulkin mallaka cif, ban da bindiga. Masu masaƙun Mancesta da masu jiragen Libaful suna cikin waɗanda suka matsa a kai dogo Kano domin auduga. Dogo ya isa a 1911, aka buɗe shi ga fatake a 1912, sai manoman Kano suka auna farashi suka zaɓi gyaɗa. A 1913 gyaɗar da ta fita daga Nijeriya ta haura tan 19,000. Ba dukanta ta nufi Marsi ba, don Jamus da Faransa sun sayi da yawa, amma jiragen Elder Dempster ne manyan masu dakon ta, Libaful kuma na da injunan matse mai. Kamfanin Neja, wanda Alhassan Ɗantata ya yi wa sayen gyaɗa, Lever mai sabulu ya saye shi a 1920, shi kuwa ma'aikatarsa tana ƙetaren kogin, ana hango Libaful daga can. Kantin da Hausawa ke kira Janhol na wani attajirin Libaful ne mai suna John Holt. Idan aka bi igiyar, dalar gyaɗa ta Kano da sito-siton bakin Marsi bakin hanya ɗaya ne guda biyu.

Ba za a ce an ɓoye wannan zango ba. Takardun kamfanonin suna nan a ajiye, masana sun yi rubutu a kansu, a gidan tarihin ma, kafin a rufe shi a 2025, akan ga siffofin jiragen. Amma akan nuna shi ne da fuskar jirgi kyakkyawa, irin Aureol wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Libaful da Ikko daga 1951 zuwa 1972 yana ɗauke da jami'an mulki da ɗalibai. Dalilin wannan ragowa ba ya da wuyar ganewa. Cinikin bayi laifi ne da kowa ya yarda laifi ne, yana da ranar ƙarewa, ana iya neman gafara a rufe babi. Cinikin manja da gyaɗa da fatu kuwa doka ta halatta shi, masu yin sa sun bar makarantu da mutum-mutumi, wasu kamfanonin nasu suna raye. Tambayar da yake jawowa, watau wa ya yanka farashi, wa ya yanka kuɗin dako, ina ribar ta sauka, ba ta amsuwa da neman gafara. Shi ya sa wankan ya zo da jirwaye.

Haka abin yake ga waɗanda suka ɗauki kayan a kafaɗa. Har zuwa 1967 leburan kwata ba su da aikin dindindin. Sukan taru sau biyu a yini, da safe da kuma bayan azahar, shugaban lebura ya nuna wanda ya ga dama, saura su koma gida hannu rabbana. Unguwannin da suka zauna, a bayan doguwar katangar kwata, suna cikin mafi cunkoso a Ingila, musamman bayan 1847 sa'ad da yunwa ta koro 'yan Ayalan wajen dubu ɗari uku zuwa birnin cikin shekara guda. A kudancin kwatocin ma'aikatan jirage 'yan Afirka ta Yamma suka zauna, Kuru na Laberiya da Saliyo da mutanen kudancin Nijeriya, suna karɓar ladan da bai kai na Turawa ba a kan aiki ɗaya. A watan Yuni 1919 taron fararen fata suka kori wani baƙin ma'aikacin jirgi ɗan Bamuda, Charles Wotten, har cikin ruwan Kwatar Sarauniya, ya mutu a nan, tafiyar 'yan mintoci daga Kwatar Albert. A 1959 ma'aikata 'yan Nijeriya na jirgin Apapa suka ajiye aiki a Libaful saboda wariya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sa'ad da kwantena ta zo, aka koma da lodi can bakin teku a Seaforth a farkon shekarun 1970, injuna suka maye gurbin dubban hannuwa. Tashar ta ci gaba da karɓar kaya masu yawa, leburan ne aka daina bukata. Ƙarshensu shi ne rikicin da ya fara a Satumba 1995, inda aka sallami mutum wajen 500, ya ja har Janairu 1998. Abin lura shi ne, wannan ya faru ne shekara bakwai bayan bikin sake buɗe Kwatar Albert, watau bayan labarin ya riga ya ce ƙurunƙus.

Ko ita kanta kuɓutar tana da asalin da ba a cika faɗa ba. An kafa hukumar raya yankin a watan Maris 1981. A watan Yuli na shekarar rikici ya ɓarke a Toxteth, unguwar jikokin ma'aikatan jiragen nan, tsakanin matasa da 'yan sanda. Takardun gwamnati da aka saki a 2011 sun nuna cewa ministan kuɗi na lokacin, Geoffrey Howe, ya ba da shawarar kada a zuba dukiya a birnin, a bar shi ya yi ta raguwa a hankali, shi kuwa Michael Heseltine ya dage a kan akasin haka. Rikicin ne ya ƙara wa Heseltine ƙarfi. Amma kuɗin gyaran ya fi sauka a bakin ruwa, inda ba kowa ke zaune ba, ayyukan da ya samar kuwa na sayar da abinci da tarbar baƙi ne.

Saura hukuncin UNESCO, wanda shi ne sharhi mafi nauyi da aka taɓa yi wa wannan littafi. A 2004 hukumar ta sa bakin ruwan Libaful cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma abin yabo ne cewa ta ambaci cinikin bayi da hijirar mutane zuwa Amurka cikin hujjojinta. A 2012 ta yi gargaɗi saboda shirin gina dogayen benaye a kwatocin arewa. A ranar 21 ga Yuli 2021 aka cire birnin da ƙuri'a 13 a kan 5, ya zama wuri na uku da aka taɓa yi wa haka, bayan ɗaya a Oman a 2007 da kwarin Dresden na Jamus a 2009. Abin da ya ƙara tunzura hukumar shi ne izinin cike Kwatar Bramley-Moore, aikin Hartley na 1848, da yashi domin gina filin ƙwallon Everton, wanda aka fara wasa a cikinsa a 2025.

Masu kare birnin suna da hujja mai ƙarfi. Cike kwata tsohuwar al'adar Libaful ce. Manyan gine-gine ukun nan da ake bugawa a kowane hoton birnin, na 1907 da 1911 da 1917, suna tsaye ne a kan Kwatar George wadda aka cike wajen 1900. Da an yi amfani da ma'aunin 2021 a wancan lokaci, da ba a gina abin da aka zo ana karewa ba. Bugu da ƙari, Bramley-Moore ta yi shekaru a kulle bayan katanga, ba mai shigarta, kuma tana maƙwabtaka da unguwannin da ke cikin mafi talauci a Ingila. Amma hujjar tana da rauni a wuri ɗaya. Cike-ciken dā aikin tasha ne ya jawo su: an cike ƙaramar kwata domin an haƙa babba a gaba, ofisoshin da aka gina a kai kuma na hukumar tasha ne da kamfanin jirage da na inshora. Na yanzu darajar fili ce ke jawo su, ruwan ya zama abin kallo ta taga. A ɗaya ɓangaren, UNESCO ta yi jayayyarta ne a kan tsayin benaye da yadda birnin ke bayyana daga ƙetaren kogi, watau ita ma gini ta ɗauka tauraro. Cikin shekara tara da aka yi ana ja-in-ja, ɓangarorin biyu sun saɓa a kan abin da za a yi da bango da tafki, amma sun haɗu a kan cewa bango da tafki ne abin magana. An rufe gidan tarihin bauta da na jiragen ruwa a Janairu 2025 domin babban gyara, kuma cikin tsarin har da ba gidan tarihin bauta ƙofarsa ta kansa a tsohon ofishin zirga-zirgar kwata, maimakon a riƙa shigarsa ta cikin gidan jirage kamar dā.